Maɗacin Yaya a Gonar Aro

Yayana magini ne, ni kafinta. A gidanmu na unguwar Ridina wannan ba abin alfahari ba ne. Kakanmu farke ne, mahaifinmu ya sayar da yadi har ya koma ga Allah, 'yan uwa kowa da rumfarsa a kasuwa. Mu biyu ne muka fito da kanta a tafin hannu. In ana taron suna su ne a kan darduma, mu kuma ba a tuna mu sai ƙofar bayi ta ƙi rufuwa.

Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi gini har ƙugunsa ya ƙi, aka sauko da shi daga kan katanga kamar buhun siminti. Daga nan ya koma Gassi, inda ya tayar da ɗaki biyu tun unguwar tana daji, ya ce zai huta. Hutun bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba yi wa leburori tsawa tun asuba, yanzu ba shi da wanda zai yi wa sai matarsa, ita kuwa ba ta ɗauka. Kullum sai ya hau kar, motar hayar nan da ake cusa mutane kamar kifi a kwando, ya sha doguwar tafiya ya zo shagona, don kawai ya zauna kan benci ya ce aikina bai yi ba.

Matarsa ce ta samo mana mafita, ni da ita. Ta tuna masa da wani dattijo ɗan ƙabilar Kotoko a wani ƙauye gaba da Gawi, wanda Yaya ya taɓa gina wa ɗaki. Ta ce ya je ya roƙi aron gona, ko ita ma ta samu ta numfasa.

Ni na kai shi a babur. Dattijon, da muke ce wa Shayib kamar yadda ake kiran tsoho da Larabci, ya karɓe mu hannu biyu. Shi kuma Usta yake ce wa Yaya, don girmama sana'arsa. Ya ba shi wani yanki a bakin fadama, ya kira dattawa suka shaida, ya faɗi sharaɗi.

"Ka noma abin da kake so, Usta, ka ci. In an yi girbi ka kawo dami ɗaya don mu riƙa tuna gonar wa ce. Amma ba rijiya, ba gini, ba itace."

Kowa ya san dalili. Dawa baƙuwa ce, damina ɗaya take yi ta tafi. Itace kuwa in ya kafu, wanda ya kafa shi ya sa ƙafa a gonar ke nan, gobe 'ya'yansa su nuna su ce ga shaidar ubanmu. Saboda haka wanda aka kama ya sa itace a gonar aro, hukuncin ba ya buƙatar alƙali: a tumɓuke itacen, a karɓe gonar, kuma ba mai sake ara masa ko wurin shanya kuɓewa. Yaya ya ce ya ji ya yarda. Ina wurin, da kunnena na ji.

Shekarar farko ya yi noma kamar mutumin kirki. Dawa, kuɓewa, ɗan yakuwa a gefe. Ya kai dami, aka yi masa addu'a.

Abin ya faro ne a shagona da bazara. Ina fama da wani farin katako cikin waɗanda ake tsallako da su daga Kamaru, na goge nan ya tashi can, ga shi gara ta riga ni ɗanɗana shi tun a hanya. Ina ta ƙorafi. Na ce da a ce jan katakon maɗaci ne, irin wanda aka yi ƙyauren mutanen da da shi, da na yi wa mai aikin nan ƙofar da jikansa zai gada. Magana ce ta gajiya, irin wadda mutum ke yi da zarto a hannu. Ban san akwai mai ɗauka ba.

Yaya ya gyara zama a kan benci. Can ya ce, "Shi maɗacin daga sama yake faɗowa?"

Na ce daga daji ake saro shi, dajin kuma ya ƙare.

"To a shuka mana."

Na ce, "Yaya, kai da haƙoranka suka fara sallama ɗaya-ɗaya? Kafin maɗaci ya isa zarto, ni da kai mun zama abincin gara."

Ya ce ai ba da ni yake ba, da wanda ya san aiki yake, kuma ba a haife shi ba tukuna.

Akwai manyan maɗatai a titunan tsohuwar unguwar ofisoshi, waɗanda suka girme mu duka. Da zafin bazara ƙwallayensu ke fashewa, 'ya'yan su zubo fale-fale masu ruwan ƙasa, iska na wasa da su. Nan Yaya ya koma. Dattijo da furfura, ya durƙusa da ƙugu mai ciwo yana tsintar abu a bakin kwalta yana zubawa a hula. Masu gadi suka ɗauka boka ne. Wani ma ya jawo shi gefe ya tambaye shi ko yana da maganin basir. Wani ɗan uwanmu mai rumfa ya wuce a mota ya gan shi, da yamma aka aiko min wai in dai abinci ne ya gagari Yaya a faɗa, ba sai an kunyata gida ba.

Na je Gassi na tarar matarsa ta rasa faifai ko ɗaya, duk ya shanya iri a kai cikin inuwa.

Na ce, "Matarmu, yau miyar me za a yi da wannan?"

Ta ce, "Ƙaramin maigida, ka tambayi yayanka. Na ɗanɗana ɗaya, har yanzu bakina bai dawo ba. Kai ka ja mana, da bakinka mai kamar ƙyauren da ka yi mana, ba ya rufuwa."

Na samu Yaya a zaure na ce masa in dai itace yake so, ga masu sayar da dashe a leda can bakin kogi, ya saya ya sa a ƙofar gidansa. Ya ce itacen leda saiwarsa a naɗe take kamar maciji a tulu, ko an dasa ba ta mance naɗin ba, iska ta farko ta kwantar da shi. Wanda ya tsiro a inda zai zauna kuwa, saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye har ta sami laima. Wannan gaskiya ne, daga baya na gani. Amma ba shi ne dalilin ba. Ƙofar gidansa ba ta ɗaukar ko akuya biyu. Da na matsa sai ya sassauta murya.

"Dashe a leda, in ka ɗora a babur, duk ƙauyen sun gani. Iri kuwa a aljihu yake tafiya. Gawo nawa ne a gonakin mutane? Aduwa nawa? Wa ya shuka su? Abin da ya fito da kansa ba a tuhumar kowa, kuma manomi ba ya cire shi. Iska ce ta kawo."

"Daga unguwar ofisoshi har bayan Gawi?"

"Iska ba ta biyan kuɗin mota."

Na ce in aka gane, gonar ta tafi, itacen ya tafi, ga kunya a gaban mutumin da ya yi masa alheri. Ya ce shi ba gonar kowa yake so ba, ƙasa ta Shayib ce har abada, shi dai a bar masa itacensa su tashi. Na ce ai abin da kowa ke faɗa ke nan da farko. Ya ce in zan kai shi in kai shi, in ba zan kai shi ba zai hau kar ya ƙarasa da ƙafa. Na san zai yi. Na kai shi.

Ranar shuka, bayan an yi ruwa mai kyau dawa ta fara leƙowa, muka isa gonar da sassafe. Na ɗauka zai ɗebi irin ya watsa nan da can mu koma. Sai na ga ya kwance ƙullin da ya riƙo tun daga gida. Turaku ne, da igiyarsa ta gini, wadda siminti ya mai da fara.

"Yaya, me igiya take yi a nan?"

"Riƙe can."

"Ka ce iska ce za ta kawo su."

"Iskar ce. Ja da kyau, tana lilo."

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin iska da turke ba."

"In suka cunkushe za su tanƙware, in suka yi nisa da juna su baje kamar laima, ba gangar jiki. Ba kai ke kukan katako ba ya miƙewa ba? Kuma a cikin dawa wa zai gani?"

Na riƙe. Abin da ƙane yake yi ke nan tun yana yaro, ya riƙe can.

Kowane gurbi sai ya sassauta ƙasar da hannu, ya kwantar da iri uku ko huɗu, ya yayyafa ƙasa sama-sama, wai in aka binne da zurfi ruɓewa suke. Ya dasa tsingaro a gefe don ya gane wurin. Tsingaro ba ya wuya a can, duk inda ka taka fasasshiyar tukunya ce. Muka yi layi muka koma wani, har rana ta take. Mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi a gida, ranar nan da rarrafe ya gama gonar.

Ba su fito da sauƙi ba. Ruwa ya ɗauke bayan shukar, da yawa suka bushe a ƙasa. Ɓera ya tone nasa rabo. Waɗanda suka tsiro, gyare ya bi yana yanke su a wuya. Yaya ya sake shuka da sauran irin, amma ya riga ya kwana biyu, rabinsa ya mutu a hula, don irin maɗaci ba ya ajiya. Duk da haka wasu suka kama. Siraran abubuwa, in ba an nuna maka ba ka ce ciyawa ce. Ya hana kowa yi masa noma. Ni kaina da na ɗauki fartanya in taimaka, ya bi ni a baya yana numfashi a wuyana har na ajiye.

Rani ne ya ci ni. Al'ada a can, in an yi girbi sai a saki gona, shanun makiyaya su ci kara su bar taki. Yaya ya yanke kawunan dawa ya bar karan a tsaye, ya zagaye gonar da ƙaya. Makiyaya suka zo suka yi sallama, ya ce ya tanadi karan ne don raguna. Wani ya tambaye shi ko ragunan suna da yawa, ya ce alhamdu lillahi. Abin da ke gidansa akuyar matarsa ce guda ɗaya, wadda ta tashi a Gassi da cin kwali, ko an ba ta kara ba ta san me ake yi da shi ba.

Sai ruwa. Tabkin fadamar yana ƙafewa tun kafin zafi ya kankama. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, maimakon in miƙe ƙafa, sai in ɗaura jarkoki a babur, Yaya a baya ya rungume ɗaya kamar jariri, mu kama hanyar Gawi. Babur ɗin nan bai sake zama daidai ba, gwiwata ma haka. Yana ba kowane tsiro ruwa da gwangwanin tumatir, yana yi musu faɗa. Wannan malalaci ne, wancan ya cika gaggawa. Akwai wanda ya ce ya yi kama da ni, kullum kansa a ƙasa.

Damina ta biyu ya tsinto sabon iri ya cike guraben da suka mutu, da igiyar dai. Na farkon suka kai gwiwa, suka wuce. A rani na biyu ba su ƙara neman jarkata ba, saiwar ta sami abin da take nema. Sai kuma wata tsutsa da ke shiga kan tohon ta huda shi, itacen ya yi kai biyu. Yaya ya riƙa bi da wuƙa yana yanke raunanan ya bar mai ƙarfi, don itace mai kai biyu itacen girki ne, ba katako ba. A nan kam ban yi masa gardama ba.

Shayib yakan zo a jakinsa ya tsaya bakin shinge. Zai dubi sama, ya dubi fadama, ya tambayi lafiyar ƙugu. Ƙasa ce kawai ba ya dubawa. Sau ɗaya ne ya ce, "Usta, ciyawar gonarka tana da kyau. Ko rani ba ta bushewa."

Yaya ya ce, "Ikon Allah."

Tsohon ya ce, "Sahi," wato gaskiya ne, ya juya jakinsa.

A hanya Yaya ya ce, "Ka gani? Bai gane ba." Na ci gaba da tuƙi.

Wanda bai iya kawar da kai ba shi ne babban ɗan Shayib. Ya yi zaman birni ya dawo gida, mutum ne mai iyali, ba ya yawan dariya. Kuma ban ga laifinsa ba. Gari yana tahowa, kowace shekara sai ka ga sabuwar katangar bulo inda bara ka ga dawa. A ƙauyen da ke kusa da su wani ɗan birni ya ari gona ya sa mangwaro, aka yi shiru don kunya, da mai gonar ya mutu magada suka sha wuya. Kowa ya ji labarin. In ni ne ɗan, da tuni na yi magana.

A rani na uku ba sauran ɓoyo. Itatuwan sun haura karan dawa. Ko'ina ya yi fari fat da bushewa, su kuwa kore shar, da jan toho a ka, a jere kamar an kira sallah. Tun daga kan hanya kake hango su. Na ce wa Yaya, kalli iskarka. Ya kalla, wallahi murmushi yake.

Ba a jima ba aka aiko, Shayib yana neman Usta a bakin gona bayan la'asar, da dattawa.

Matarsa ta biyo mu har ƙofa ta danƙa min goro manya guda biyu. Ta ce, "Ba naka ba ne. Da an fara magana ka sa masa a baki. In ya cinye ka sa ɗayan. Da haƙoran da suka rage masa zai kai magariba."

A hanya na yi ta karanta masa. Na ce tsohon nan yana son ka, kuma yana son itatuwan, in ba haka ba da tun bara ya sa an cire. Abin da yake nema kawai a ba shi abin da zai faɗa wa ɗansa a gaban mutane. Kai dai ka yi shiru. Ya ce shi yaro ne da zan koya masa zama cikin manya?

Mun tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar wata aduwa, ana dafa shayi. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Na miƙa wa Yaya goro, ya harare ni, amma ya karɓa. Da Larabci aka yi maganar duka, ni nake mai da ita nan.

Ɗan ya faɗi tasa a taƙaice, da ladabi. An ba da aro da sharaɗi, ga itace a gona, kowa yana gani.

Shayib ya kurɓi shayi ya ce shi ma ya gani, kuma ya yi tunani. Ya ce shekaran nan da aka yi ruwa da yawa fadama ta cika ta malalo, ruwa kuwa yana ɗauko iri daga inda mutum bai sani ba. Wani dattijo ya ce haka ne, shi ma kabewa ta taɓa fito masa a bayan ɗaki. Wani ya ce tsuntsaye ma suna yi. Na ga abin yana tafiya daidai, har na fara jin daɗin shayin.

Ɗan ya ce, "Baba, ruwa da tsuntsu ba sa yin layi."

Tsohon ya miƙe da sandarsa, ya je bakin layin farko, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe. Sannan ya dawo yana girgiza kai.

"Wannan ne layi? Hanyar awaki ta fi shi miƙewa. Ku kun san ɗakin da Usta ya gina min, har yau ko tsaga babu. Mutumin da ya yi wannan ɗakin ba zai yi wannan ɓarnar ba. In hannun mutum ne ya shuka, to makaho ne."

Dattawa suka yi dariya, sun gane inda aka dosa. Ɗaya ya tashi shi ma ya leƙa, ya ce ai na uku da na huɗu kamar sun yi faɗa, kowa ya juya wa ɗan uwansa baya. Wani ya ce tazarar ma ba ɗaya ba ce, nan taku biyu can taku goma, aikin ruwa ne ƙarara. Na dubi ɗan, na ga ya fara sauke kafaɗa. Ba zai ƙaryata ubansa da dattawa a fili ba. Saura kaɗan a shafa fatiha.

Na dubi Yaya. Ya daina tauna. Jijiyar wuyansa ta tashi. Na laluba aljihu in ciro goro na biyu, kafin in ciro mai maganar tazara ya ƙara da cewa ko yaron da ke koyon gini ba zai ja layi haka ba.

Yaya ya juya gefe ya tofar da goron.

"Ina ne ya karkace?"

Na taka masa ƙafa. Ya janye.

"A'a, a nuna min. Wanne ne na ukun?"

Shayib ya ce, "Zauna, Usta, shayinka zai huce."

Ina. Ya riga ya sa hannu a aljihun 'yar ciki. Ban san ya taho da igiyar ba, ko da yake ya kamata in sani. Ya miƙe da ƙugun nan nasa, ya taka har bakin layin, ya waiwayo ya miƙo min bakin igiyar a gaban kowa. Na ce masa da Hausa, ƙasa-ƙasa, Yaya don Allah. Ya ce riƙe can.

Aka ja igiya daga itacen farko har na ƙarshe. Ta shafi jikin kowanne, ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita. Ya ɗaga ta ya sake ta ta yi ƙara, kamar yadda yake yi a kan bulo. Ya juyo yana duban dattawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ta ango. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Hannun ya sauka a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Shayib ya daɗe yana kallon ƙasa, wannan karon kam ya kalle ta. Sannan ya ce, "Usta, na buɗe maka ƙofa, ka tsaya kana auna ta."

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Aro ya ƙare, wannan ko tsohon ba shi da yadda zai yi. Ɗan ya ce saura itacen, a tumɓuke tun saiwa ba ta fi ƙarfin magirbi ba, kuma wanda ya sa shi ya cire, haka ake yi.

Na san Yaya tun ina goye a bayan mahaifiyarmu, ban taɓa ganin ya roƙi mutum ba. Ranar nan ya cire hula. Ya ce laifi nasa ne, ya karya sharaɗi yana sane, a karɓi gona, a faɗa wa duk ƙauyukan kada a sake ara masa. Amma waɗannan ba su yi wa kowa komai ba. Sun sha wuya kafin su kai nan. 

Shayib ya dubi ɗansa. Ya ce abin tsoro a itace shi ne mai shi. In ba shi da mai shi sai ƙasar da yake kai, ba abin tsoro. Ya juyo ga Yaya.

"Za ka faɗa a gaban waɗannan, ba naka ba ne? Ba na 'ya'yanka ba, ba na jikokinka ba. Ko reshe ya faɗo ba ku da shi."

Yaya ya juya. Ya dubi layukan nan. Sannan ya faɗa, kalma bayan kalma, yadda aka ce ya faɗa. Aka juyo kaina, tunda ni ne kafinta kuma ni na riƙe igiya. Na ce na yafe katakon da ba zan gani ba, har da wanda zan gani. Ɗan ya ƙara sharaɗi ɗaya: kada Yaya ya sake taka cikin gonar, don kada gobe a ce ai an ga yana yi musu aiki. Aka yarda. Aka shafa fatiha.

Muka hau babur muka kama hanyar gida. Da muka isa Gassi matarsa ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta miƙo hannu. Na ba ta goron da ya rage. Ta karɓa ta shige ciki.

Ya yi wajen wata biyu bai zo shago ba. Na samu sakewa, amma aikin bai yi min daɗi ba, ba wanda zai ce bai yi ba. Ranar wata Juma'a, damina ta fara, sai ga shi. Bai zauna ba. Ya ce tayar da babur.

Muka tsaya a kan hanyar da ta bi gefen gonar, ƙafarsa ba ta wuce kunyar farko ba. Ɗan Shayib ne ke nomanta yanzu, yana ciki da fartanya. Bai cire ko ɗaya ba. Ya dai kwashe ƙayar da rani, awaki sun ci ƙananan da ke gefe. Yaya ya yi sallama, aka amsa a gajarce. Idonsa ya faɗa kan wani a layi na biyu da tsutsa ta yi wa kai biyu. Na ga hannunsa ya tafi aljihu ya dawo.

Sai ya juyo gare ni ya ɗaga murya, da Larabci. Ni da shi tun da aka haife mu ba mu taɓa yin Larabci a tsakaninmu ba, ko a kasuwa.

"Kai kafinta, ka san itace in ya yi kai biyu, raunanan ake yankewa a bar mai ƙarfi? Da wuƙa mai kaifi, dab da jiki. Tun yana ɗanye, in ya ƙosa an makara."

Na ce na sani, Yaya.

"Ba ka sani ba. Saurara." Ya maimaita.

Ɗan bai ɗago ba, yana ta noma. Da muka dawo bayan mako biyu an yanke, kuma raunanan aka yanke.

Haka muke har yau. Ba kowace Juma'a ba, gwiwata ba ta yarda. In mun je, Yaya ya tsaya bakin hanya ya koya min yadda ake kare su daga wutar daji, da yadda ake hana masu neman magani saɓe musu ɓawo. Kwanan baya ɗan ya tsaya da nomansa ya share gumi, ya dube ni, ni da ban tambaye shi komai ba, ya ce min na can ƙarshen gona ganyensu yana yin rawaya, ko na san dalili. Na buɗe baki in ce ban sani ba, Yaya ya riga ya fara ba ni amsa. Na kashe babur na nemi inuwa, don na ga maganar za ta yi tsawo.